Tumakin Malam Iliyasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina wurin aiki a maɗaba'a da hantsi, ina duba kurakuran wani shafi da za a buga, sai masinja ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na fita da alƙalami a hannu. Wani maƙwabcinmu ne na Rafin Guza, bai ko sauka daga kan kekensa ba. Ya ce, "Garba, sai haƙuri. Malam Iliyasu ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Na ce masa to. Na koma ciki na ƙarasa shafin, na miƙa wa mai jera baƙaƙe, sannan na nemi izini na fita. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, irin wanda ba wanda ya ɗauke shi da nauyi, har shi kansa.

An yi masa sutura, an sallace shi, mun kai shi makwancinsa. Na kama makara, na zuba ƙasa. Mutane suna kuka a gefena, ina jin su kamar ana magana a gidan maƙwabta. Da muka dawo gidansa, abin da na tsaya ina kallo shi ne takalmansa, da wani ya jera a bakin zaure, dunduniyar hagu ta fi ta dama cinyewa.

Kashegari muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga Bulus kafinta ya ɓullo ta lungu yana janye da tumaki, uwa da 'ya'yanta, 'yarsa Saratu tana biye tana kora su. Bulus mutumin kudancin lardin nan ne, Kirista, yana aikin katako a ma'aikatar gine-gine. Ya ɗaure su a gindin mangwaro, ya cire hula, ya durƙusa gaban wan marigayin, Baba Tanko, wanda ya zo daga Rigacikun.

"Baba, Allah ya ba da haƙuri. Ga kayan Malam na kawo."

"Kayan Malam kamar yaya?"

"Nasa ne. Kiwo ya ba yarinya. Ba na so su ƙara kwana a gidana, a ce na ji mutuwa na yi shiru."

Baba Tanko ya yi masa godiya, ya sa aka shigar da su cikin gida. Amma duk wanda ya yi karatu a hannun Malam ya san abin da aka shigar. Kuɗin makarantar Saratu ne. Ta ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata, an ba ta gurbi, an ce ta zo da kuɗin shekarar farko idan an buɗe makaranta bayan Kirsimeti, in ba haka ba a ba wata. Bulus ba shi da abin da zai sayar ya biya sai tumakin nan, su kuwa daga jiya sun zama dukiyar marayu.

Saboda waɗanda ba su san shi ba, ya kamata in bayyana yadda malamin makaranta ya zama mai tumaki a gidajen mutane.

Kaduna garin baƙi ne. Iyayenmu aiki ya kawo su: lebura, masinja, kuku, mai gadi. Yaron da aka haifa a Kano ko Katsina, in ya ci jarrabawa, akwai En'e, wato hukumar gargajiya ta garinsu, da za ta iya ɗaukar nauyinsa. Mu kuwa, a garin iyayenmu ba a san mu ba, a nan ma ana ce mana ba 'yan ƙasa ba ne. Ko inda ba a biyan kuɗin makaranta, akwai akwati, da bargo, da tufafi, da kuɗin jirgi zuwa da dawowa. Malam ya ga yara masu ƙwaƙwalwa sun ci jarrabawa, an yi guɗa a gidansu, sannan ranar tafiya ta zo ta wuce suna zaune. Ya kan ce, "Cin jarrabawa ba ya sayen tikiti." Ya kan kuma ce, "Ba a ɗinka rigar tafiya ranar tafiya."

Sai ya fara da tunkiya ɗaya, wadda ya gada daga mahaifiyarsa. Idan ya lura da yaro zai yi nisa, tun saura shekaru kafin jarrabawa, sai ya kai masa 'yar tunkiya kiwo. Al'adar kiwo kowa ya san ta: uwa ta mai ita ce, 'ya'ya kuma biyu nasa, na uku na mai kiwo. A kan wannan sharaɗi yake bayarwa, a gaban uban yaro, ba ya rage komai.

Ina tuna ranar da ya kawo tawa. Lokacin yaƙi ne, komai ya yi tsada. Mahaifina lebura ne a reluwe, ɗaki ɗaya muke haya. Ya dubi tunkiyar, ya dubi Malam.

"Malam, ni da ba ni da wurin miƙe ƙafa, ina zan sa ta?"

"Inda kake sa baƙo."

"Baƙo ai kwana uku yake yi ya tafi."

"Wannan shekara uku za ta yi, in ta tashi tafiya ta tafi da ɗanka."

Mahaifina ya yi dariya, ya karɓi igiyar. Malam ya juyo gare ni ya ce, "Garba, ba taka ba ce, tawa ce. In ta ɓata, kai za ka biya. In ta rame, ni da kai ne."

Haka aka yi kuwa. Ya kan zagaya gidaje da la'asar a kan kekensa, ya tsuguna a turke, ya shafa haƙarƙarin dabba, ya buɗe bakinta, sannan ya tambayi yaro karatu. Wata rana na yi na ɗaya a lissafi, ina jiran yabo, sai ya ce, "Lissafinka ya yi ƙiba, tunkiyata ta rame. Ina dusar?" Tun daga ranar ban ƙara wucewa ta gidan masu surfe ba tare da ƙwarya ba. Abokansa malamai suna yi masa ba'a, suna ce masa ko ya bar alli ya koma dillanci a kara, kasuwar dabbobi. Shi kuwa sai ya ce ai duk kiwo ne, na aji sun fi wuyar kaɗawa. Matarsa, Inna Hajara, ita ce ke fama da 'yan raguna da ake yayewa kafin a sami gidan da za a kai su, kuma ba ta ɓoye mitarta. Na sha jin ta daga cikin gida tana cewa, "An ce mini malami zan aura, ashe makiyayi ne."

Bai tsaya ga dabba ba. Idan aji ya kusa jarrabawa, ya kan tura mu kasuwa mu tambayo kuɗin akwati da bargo da fitila, ya tura wasu tashar jirgi su tambayo kuɗin tikiti zuwa Zariya, zuwa Kano, zuwa Ilori. Mu dawo mu faɗa, ya rubuta a allo, wannan shi ne darasin lissafin ranar. Sannan ya ce kowa ya auna da abin da ke turkensa ya ga ko ya kai. Wanda nasa bai kai ba ya san saura, tun da sauran lokaci. Ban taɓa jin ya ce wa yaro kada ya damu ba. Cewa yake, "Ka damu yanzu da yake damuwar tana da amfani." Kuma ya kan gaya wa kowa gaskiya game da inda zai nema. Akwai wanda ya ce masa, "Kai hannunka ya fi bakinka, nemi makarantar sana'a," yaron ya yi fushi wata guda, yau shi ne ke gyaran injin a ma'aikatar ruwa.

Sai da na girma na gane dalilin da ya sa yake nanata cewa tumakin nasa ne. Da ya ce kyauta ce, da ba su kai ko'ina ba. Gidan talaka ba ya rasa ranar da za a dubi turke: ga suna, ga Salla, ga haraji, ga ciwo. A gidanmu ma an yi. Da aka haifi ƙanwata, wani kawuna ya nuna ɗan ragon da ke turke ya ce ga abin yanka Allah ya kawo. Mahaifina ya ce, "Na Malam ne." Maganar ta mutu a nan. Ba mai yanka dabbar malami. Shi da kansa ya taɓa ce mini, "Kuɗi ba ya kwana biyu a gidan mai buƙata, amma kayan wani yana shekara."

Ranar da sakamako ya fito, yaro ya sami gurbi, sai Malam ya sa farar rigarsa ya je gidan. Ya zauna, a kawo ruwa, a kira maƙwabta biyu. Sai ya ce, "Ku shaida, na bar masa uwa da rabona duka." Ya zaɓi 'yar tunkiya ɗaya kawai ya ɗora a kan keke, ta yaro na gaba. Ba ya yarda a yi masa doguwar godiya. A gidanmu mahaifina ya fara jawabi, Malam ya miƙe ya ce rana tana yi, dabbar za ta sha wuya. Kafin wannan rana ba ya sakin ko kofato. Musulmi da Kirista, namiji da mace, duk hanya ɗaya. Da wani dattijo ya tambaye shi don me zai kai dabbarsa gidan da ba a salla, ya ce, "Tunkiyar ba ta yi mini ƙorafi ba."

Sakamakon Saratu ya iske shi a kwance. An gaya masa, ya yi murna, ya ce in ya tashi zai je. Bai tashi ba. Dabarar da ta tsare tumakin shekara da shekaru daga hannun mabuƙata, ita ce yanzu ta tsare su daga yarinyar. Rabonta na mai kiwo yana nan, ba mai hana ta, amma ba zai kai ko rabin abin da ake nema ba.

Mu tsofaffin ɗalibansa da ke Kaduna ba mu da yawa, kuma kowa yana da ƙanne a wuyansa. Mun haɗa abin da ya samu, ya isa tikiti da tufafi, bai taɓa kuɗin makaranta ba. A kwanakin nan na kan wuce ta gidan Bulus in tarar da turken babu komai, an share shi tas. Saratu tana gaishe ni kamar kullum. Sai in amsa in wuce.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren gidan. Limamin unguwa ne ya raba, tsohon malami da ya karantar da rabin mutanen Rafin Guza Alƙur'ani, kuma abokin marigayin ne. An tattaro tumakin daga duk gidajen da suke, an yi musu kuɗi, an yi wa gidan da keken da littattafan. Magada su ne Inna Hajara da 'ya'ya uku, dukansu ƙanana. Baba Tanko ba shi da ko kwabo a ciki, tun da akwai ɗa namiji. Shi waliyyin marayu ne kawai. Na faɗi wannan don kada wani ya zarge shi da kwaɗayi. An kira Bulus don a ware masa rabon kiwo, ya zauna can bakin ƙofa.

Na nemi izini na ce, "Allah ya gafarta Malam, duk wanda ke zauren nan ya san niyyar marigayi game da tumakin gidan Bulus."

Liman ya ce, "Na riga ka saninta, Garba. Ni ne nake zama shaida in ya je sakar wa yaro tumaki. Niyyarsa tana wurin Allah, zai iske ladanta. Ni abin da ya bari nake rabawa. Bai furta a gaban shaidu ba, bai yi wasiyya ba. Da magadan manya ne sai su yafe. Yaro ba ya yafewa, kuma ba a yafewa a madadinsa."

Baba Tanko ya ce, "Ɗana, ni ma ina da zuciya. Amma in na ɗauki na marayun nan na bayar don a ce na kyauta, ranar gobe kiyama kai za ka tsaya mini?"

Na ce a'a. Gaskiya suka faɗa, su biyun. Bulus ya ce shi ma abin da ya sa ya kawo su ke nan, a coci ma haka aka koya musu game da maraya. Liman ya gyara zama zai ci gaba.

Sai muka ji murya daga bayan asabarin ƙofar ciki. Inna Hajara ce, tana takaba, ba ta fitowa.

"Allah ya gafarta Malam, ni fa? Ina da wani abu a ciki?"

"Kina da tumuni, Hajara. Kashi ɗaya cikin takwas."

"Ni yarinya ce ko babba?"

Liman ya ɗan yi murmushi. "Ke kam babba ce."

"To a sa mini tumunina a cikin waɗanda aka kawo daga gidan Bulus. Inda ya kai ya kai."

Liman ya yi lissafi da yatsunsa, ya sake yi. Ya ce tumunin ya cinye rabon marigayi a 'ya'yan duka, sai tsohuwar uwar ce za ta rage wa marayu.

Baba Tanko ya juya ya fuskanci asabarin. "Hajara, kin san abin da kike yi? Shi ke nan abin da kika mallaka a duniya. In kin gama takaba da me za ki fita?"

"Da ƙafata, Yaya."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Shekara nawa ina share kashin tumakin nan ina yi masa mita? Ban share don yarinya ta ci jarrabawa ta zauna a gida ba. Da bakinsa ya ce mini in ya tashi gidan Bulus zai fara zuwa, har na wanke masa rigar. Shi bai tashi ba, ni kuma ba ni da halin fita. To ga shaidu a zaune. Ku shaida, na bar mata."

Bulus ya matso a kan gwiwoyinsa. "Inna, ba zan iya karɓa ba. Ga yara ƙanana."

"Na yaran yana hannun Yaya, ban taɓa ba. Wannan nawa ne. Kuma ba kai na ba ba, kai me za ka yi da kwaleji? Ina Saratu?"

Aka kira ta daga waje, ta durƙusa a bakin asabari.

"Ga ni, Inna."

"Ki je ki yi karatu. In kika dawo kin faɗi, kada ki biyo ta lungun nan, don na san takunki."

"To, Inna."

Baba Tanko ya ce, "Wannan taurin kan a wurin mijinki kika ɗauka, tun muna yara haka yake." Ya ce muddin yana noma a Rigacikun, dawar gidan nan a wuyansa take. Liman ya ce ya shaida, ya shafa fatiha.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Sauran tumakin an ba kowane mai kiwo rabonsa, na marayu Baba Tanko ya kora su Rigacikun, kuma daidai ya yi. Akwai yara a unguwar nan da za su zauna jarrabawa baɗi da baɗin baɗaɗa, turakunsu sun koma kusan wayam, kuma abin da ya rage a ciki yanzu sunansa na gida, ba na Malam ba. Na ji an riga an yanka ɗaya. Mun yi magana, mu ɗalibansa, a kan yadda za a ci gaba. Sayen tunkiya ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce samun mutumin da in an ce dabbar tasa ce, kawu zai janye hannu.

An sayar da na Saratu a kara, kuɗin ya kai. Ta tafi da aka buɗe makarantu. Na raka su tasha. Akwatinta na katako ne, ubanta ya yi shi da hannunsa, ya sa masa maɗauri biyu. Da jirgi ya ɗaga, Bulus ya tsaya riƙe da hularsa har ya ɓace, sannan ya ce mini zai koma aiki, an ba shi rabin yini ne kawai. Ni ma na koma nawa.

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa abin da ya koyar da abin da ya ciyar su zama sadaka mai gudana gare shi, ka rubuta masa ladan tafiyar da ya yi niyya bai samu yi ba. Ka raya 'ya'yansa cikin albarka, ka haɗa su da wanda zai tsaya musu yadda ubansu ya tsaya wa 'ya'yan mutane. Ka saka wa Baba Tanko da alheri, ka sa albarka a gonarsa. Ka ba Saratu sa'a, ka buɗe wa sauran yaran hanya ta inda ba mu zata ba. Inna Hajara kuwa, ka san abin da ta bayar, ka san ba ta da wani. Ka ba ta haƙuri, ka rufa mata asiri, kada ka bar ta ta nema a hannun kowa. Mu da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen.

Amin.